Tambaya da Amsa: Tabulet Ta Ƙi Kama Wi-Fi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tabulet ta hannu, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka, domin yarana su riƙa karatu da ita. An gwada ta a gabana a shago, ta kama Wi-Fi lafiya lau, amma da na kawo ta gida sai ta ƙi. Wani lokaci sunan rautar gidanmu ba ya fitowa ko kaɗan alhali tana nuna na maƙwabta, wani lokaci kuma ya fito, in sa kalmar sirri, ta rubuta "Saved" ko "Authentication error" ta tsaya nan. Wayata da ta maigidana suna aiki da rautar ba matsala. An ba ni shawara in kai a yi mata filashin. Shin in kai?

Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, kada ki kai ta filashin tukuna. Hujjata tana cikin wasiƙarki: tabulet ɗin ta kama a shago, kuma a gida tana ganin Wi-Fi na maƙwabta, alhali da na'urar da ke kama sigina a cikinta ta mutu, da ba za ta ga na kowa ba. Rautar ma lafiyarta ƙalau tunda wayoyinku suna aiki da ita. Abin da ya rage shi ne akwai wani saiti da su biyun ba su daidaita a kansa ba, kuma irin wannan a gida ake gyara shi ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ki fara da gwajin da zai tabbatar da wannan magana. Ki kunna hotsifot a wayarki, ki sa masa kalmar sirri mai sauƙi, sannan ki haɗa tabulet ɗin da shi. Idan wayar Android ce, ki duba cikin saitin hotsifot ɗin ki zaɓi 2.4 GHz, idan kuma iPhone 12 ce ko wadda ta biyo bayanta, ki kunna maɓallin da aka rubuta "Maximize Compatibility", domin shi ne ke mayar da ita kan 2.4 ɗin. Idan tabulet ta kama har ta buɗe shafi, to ta fita daga zargi, sai mu juya ga rauta.

Wi-Fi siginar rediyo ce, kuma rautocin zamani suna watsa ta a zango biyu, wato 2.4 GHz da 5 GHz. Kamar yadda rediyon da aka ƙera don FM kaɗai ba zai kamo tashar gajeren zango ba komai ƙarfinta, haka tsofaffin tabulet da masu arha da yawa ba su san zangon 5 ba sam. Zangon 5 ya fi sauri, amma bangon bulo da nisa suna raunana shi da wuri, shi kuwa 2.4 ya fi ratsa ɗakuna. Saboda haka abu na farko da za a duba a rautar shi ne ko an kashe 2.4 an bar 5 kaɗai, ko kuma an haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya, wanda hakan kan rikita wasu tsofaffin na'urori. Raba su, kowanne da sunansa, ya fi zama lafiya.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a bayaninki shi ne cewa sunan yana fitowa wani lokaci, wani lokaci ya ɓace, kuma tabulet ɗin daga Amurka ta zo. An kasa zangon 2.4 zuwa tashoshi masu lamba. A yawancin ƙasashen duniya ana amfani da tasha ta 1 zuwa ta 13, amma a Amurka ta 1 zuwa ta 11 ake amfani da su, don haka na'urori da yawa da aka yi wa kasuwar can ba sa neman ta 12 da ta 13. Ita kuma rauta, idan an bar ta a kan "Auto", tana iya zaɓar sabuwar tasha duk lokacin da ta tashi, kuma a gidajenmu tana tashi sau da yawa a yini, duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita ko aka koma janareta. Ranar da ta sauka a kan tasha ta 6, tabulet za ta gan ta. Ranar da ta sauka a kan ta 13, wayoyinku za su gan ta amma tabulet ba za ta gani ba. Ina kyautata zaton wannan ne rabin matsalarki.

Gyaransa yana cikin shafin saitin rautar. Ki juya ta, za ki ga takarda manne a ƙarƙashinta mai ɗauke da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da sunan shiga da kalmar sirrinsa, wadda galibi ta bambanta da kalmar sirrin Wi-Fi. Ki rubuta adireshin a burauzar wayar da ke haɗe da rautar, ki shiga sashen da aka rubuta "Wi-Fi" ko "WLAN", ki nemi "Channel", ki cire shi daga "Auto" ki sa 1 ko 6 ko 11, domin waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna. Ki ɗauki hoton shafin kafin ki canza komai, saboda ki iya mayar da shi yadda yake. Kuma ina roƙonki kada ki tsokani ɗan ramin nan na bayan rauta da allura, domin yana goge duk saitin da aka yi mata, wani lokaci har sai an nemo wanda ya kafa ta.

Ɗaya rabin kuma shi ne saƙon "Saved" da "Authentication error". Ma'anarsu ita ce tabulet ta ga rautar, ta miƙa kalmar sirri, amma ba a karɓa ba. Mafi yawan lokuta kuskuren rubutu ne, domin kalmar sirrin Wi-Fi tana bambanta babban harafi da ƙarami, kuma ido yana saurin rikita sifili da harafin O, ko lamba 1 da ƙaramin harafin L. Da zarar tabulet ta ajiye kalmar da ba daidai ba, ita za ta yi ta maimaitawa. Ki danna sunan Wi-Fi ɗin ki zaɓi "Forget", sannan ki sake rubutawa bayan kin danna alamar idon da ke bayyana haruffan, kina tsaye kusa da rautar, domin raunin sigina ma yana iya jawo wannan saƙo. Idan kina shakkar kalmar kanta, wayoyin da ke kan Android 10 zuwa sama suna da maɓallin "Share" a cikin saitin Wi-Fi, wanda ke fito da lambar QR, kuma a yawancinsu kalmar sirrin tana rubuce a ƙarƙashinta.

Idan kalmar daidai ce amma aka ci gaba da ƙin karɓa, to ki duba nau'in tsaron rautar a shafin da na ambata. Tsarin WPA2 yana nan tun 2004 kuma kusan kowace na'ura ta san shi, amma WPA3 sai a 2018 aka fito da shi, Android kuwa ta fara tallafa masa ne daga Android 10 a 2019. Tabulet da ta girmi wannan ba za ta iya shiga rautar da aka saita a WPA3 kaɗai ba, wasu ma har a saitin da ya gauraya biyun suna tuntuɓe. Ki mayar da shi WPA2 mai AES. Kada ki zaɓi WEP, domin an daɗe da karya shi, kada kuma ki bar rautar a buɗe babu kalmar sirri, in ba haka ba datarku za ta zama ta unguwa. Ki kuma tambayi maigida ko ya taɓa kunna "MAC filter", wato jerin na'urorin da aka yarda su shiga, domin idan ya yi haka don korar masu satar data, to sabuwar tabulet ba ta cikin jerin, sai an ƙara ta.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai zaɓin "Reset network settings" a cikin saitin tabulet, wanda ke goge Wi-Fi da Bluetooth da aka ajiye ba tare da ya taɓa hotuna ko manhajoji ba. Dalilin da ya sa nake hana ki filashin kuwa ya wuce maganar kuɗi. Tun daga Android 5.1, na'urar da aka goge ta bayan fage, kamar yadda ake yi a filashin, tana neman asusun Google da ke kanta a da kafin ta buɗe, haka ma iPad tana neman asusun Apple tun daga iOS 7 na 2013. A kayan hannu, idan asusun tsohon mai ita bai fita ba, sai a wayi gari tabulet da ke aiki ta kulle gaba ɗaya, mai asusun kuma yana wata nahiya. Ki duba sashen "Accounts" yau, ki tabbatar babu asusun kowa a kai sai naki.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne. Muna da 'yan tabulet da ɗalibai ke gwajin jarrabawar kwamfuta da su, kuma da MiFi ɗaya muke haɗa su. Kullum wasu za su kama, wasu kuma su tsaya a kan "Obtaining IP address" su yi ta juyawa. Abin mamaki, wadda ta ƙi yau gobe za ta kama, wadda ta kama kuma ta ƙi.

Daga wani malami a Gusau

Amsa: Allah ya ƙara wa Malam juriya. Tunda ƙin yana yawo daga wannan zuwa waccan, to laifin ba na tabulet ko ɗaya ba ne. Saƙon da kake gani yana nufin an riga an karɓi kalmar sirri, saura a ba na'urar lambarta a cikin netwok ɗin, wato adireshin IP, wanda rauta ko MiFi ke raba wa duk wanda ya shigo. Ƙananan MiFi na aljihu suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka a lokaci guda, da yawansu kimanin goma ne, kuma adadin yana rubuce a kwali ko a takardar da ta zo da su. Wanda ya riga shiga ya samu gurbi, na ƙarshe ya tsaya a waje.

Ka shiga shafin saitin MiFi ɗin ka duba jerin na'urorin da ke haɗe da shi. Ba zan yi mamaki ba idan ka tarar da wayoyin malamai da na wasu da suka taɓa karɓar kalmar sirri, domin waya tana haɗuwa da kanta daga aljihu da zarar ta shigo harabar, ko mai ita bai sani ba. Ka canza kalmar sirri, ka sa ta a tabulet ɗin ɗalibai kaɗai. Idan kuma yawan tabulet ɗin da kansa ya zarce iyakar, babu saitin da zai magance wannan, sai dai ku raba ɗalibai rukuni-rukuni, ko makaranta ta sayi rauta ta tebur mai ɗaukar sim, wadda ke ɗaukar na'urori fiye da na aljihu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma lokacin da gurbi yana nan amma aikin raba lambobin ne ya cije. Sai ka kashe MiFi ɗin, ka bar shi kamar minti ɗaya, ka kunna, ka jira ya gama tashi, sannan ka riƙa kunna Wi-Fi na tabulet ɗin ɗaya bayan ɗaya. A iPad, alamar wannan matsala ita ce ka ga adireshin ya fara da 169.254, wato na'urar ta gaji da jira ta ba kanta lambar da ba ta kai ko'ina. Wasu za su ce ka sa adireshin da hannu ta hanyar "Static". Yana aiki ga na'ura ɗaya a gida, amma ban ba ka shawarar yin sa a aji ba, domin idan biyu suka yi karo a lamba ɗaya dukansu za su riƙa yankewa. Ka kuma lura da zafi. MiFi da aka bari a caji tun safe har yamma a watan Afrilu yakan yi zafi ya riƙa sakin na'urori, kuma idan ka ga murfin bayansa ya ɗago, batir ɗin ya kumbura, a daina amfani da shi nan take a canza shi, musamman a ɗakin da yara suke.

Tambaya: Tabulet ɗina tana kama Wi-Fi na shago, alamar ta cika, amma ta rubuta "Connected, no internet", ba abin da ke buɗewa. Da ita nake tura wa abokan ciniki hotunan atamfa da shadda, kuma abin yana jawo mini asara.

Daga wani ɗan kasuwa a Kano

Amsa: Alhaji, cikar alamar Wi-Fi tana nuna ƙarfin sigina ne tsakanin tabulet da rauta kawai, ba ta cewa komai game da ko rautar kanta tana samun intanet. Don haka ka ɗauki wata waya, ka kashe datarta, ka haɗa ta da wannan Wi-Fi ɗin. Idan ita ma ba ta buɗe komai ba, ka ajiye tabulet ka duba layin da ke cikin rautar, ko data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika alhali da saura, ko an rufe layin saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, ko kuma sabis ne babu a lokacin. Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin kowa a kasuwa, kamar ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe suka shiga matsalar intanet ta kwanaki.

Idan kuwa sauran wayoyi suna aiki, tabulet ce kaɗai ta ƙi, to ka fara duba kwanan wata da agogo. Tabulet da batirinta ya mutu ƙurmus ta daɗe a ajiye takan farka da kwanan watan shekarun baya, su kuma shafukan intanet masu tsaro suna da takardar shaida mai wa'adi, wadda na'urar ke gwadawa da agogonta, idan ba su dace ba ta ƙi buɗewa. Ka gyara da hannu, sannan ka mayar da shi kan saitin da ke daidaita kansa.

Daga nan sai VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban. Mutane da yawa sun sauke irin waɗannan manhajoji lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu kuma don neman burauzin kyauta, aka manta da su a kan na'ura. Android tana da saitin da ke hana duk wata hulɗa da intanet idan ba ta VPN ba, saboda haka idan manhajar ta daina aiki, komai ya tsaya. Ka kashe ta ko ka goge ta. Ka duba "Private DNS" ka mayar da shi "Automatic", sannan a cikin saitin Wi-Fi ɗin shagon ka tabbatar "Proxy" yana kan "None", domin manhajojin burauzin kyauta da masu saita su sukan bar wani adireshi a wurin. Idan tabulet ɗin tsohuwa ce mai Android 7.0 ko ƙasa da haka, za ka iya ganin wasu shafuka suna buɗewa wasu suna ƙi, saboda jerin takardun shaidar da ke cikinta ya tsufa. A nan burauzar Firefox takan taimaka idan an samu sigarta da ke aiki a kan tsohuwar na'ura, domin tana zuwa da nata jerin.

Tambaya: Tabulet ɗina ta faɗi, gilashin ya fashe, na kai aka canza. Tun daga nan ba ta kama Wi-Fi sai na manna ta da rautar, idan na matsa taku kaɗan sai ta saki. Ta abokina kuma maɓallin Wi-Fi ne ya ƙi kunnuwa gaba ɗaya. Ciwonmu ɗaya ne?

Daga wani ɗalibi a Damagaram

Amsa: Ɗana, ciwonku ba ɗaya ba ne, kuma naka ya fi sauƙi. A cikin tabulet akwai eriya, wadda a yawancinsu wata siririyar waya mai ɗan kan ƙarfe ko wasu 'yan ƙarafa masu taɓa murfi ke haɗa ta da babban allon na'urar. Idan an buɗe tabulet don canza gilashi, abu ne mai sauƙi wannan waya ta zare ko ta tsinke ba a lura ba, ko kuma faɗuwar ce ta zare ta tun farko. Na'urar da ba ta da eriya tana kama sigina ne kawai idan tana dab da rauta, daidai yadda ka bayyana. Ka koma wurin wanda ya yi aikin cikin mutunci ka roƙe shi ya buɗe ya duba eriyar Wi-Fi. Idan zarewa ta yi, aikin 'yan mintoci ne, kuma babu buƙatar filashin a ciki.

Shi kuwa abokinka, ya fara gwada abin da ba ya cin kuɗi. Ya kashe tabulet ɗin ya kunna, ya tabbatar alamar jirgin sama ba a kunne take ba, ya yi "Reset network settings", sannan ya tashe ta a "Safe mode", yanayin da ke dakatar da duk manhajojin da aka sauke, don a ga ko ɗaya daga cikinsu ce ke hana maɓallin. Idan har yanzu maɓallin ya dushe, ko yana kunnuwa ya kashe kansa, ya gwada Bluetooth, domin a na'urori da yawa guntun aisi (IC) ɗaya ne, wato ɗan ƙaramin sashe a kan allon na'urar, ke ɗauke da su biyun. Idan dukansu sun mutu, kuma a sashen bayanin na'ura adireshin MAC na Wi-Fi ya ɓace, to alamu sun nuna aisin ne ya lalace ko ya saki daga allo. Wannan aikin ƙwararren mai gyara ne mai kayan dalma da na'urar hura zafi. Kada ya sa ta a firij ko ya gasa ta da abin busar da gashi kamar yadda ake yaɗawa, domin raɓa tana lalata allo, zafi kuma haɗari ne ga batir.

Ya tambayi kuɗin aikin ya gwada da kuɗin wata tabulet irinta a kasuwa kafin ya amince, domin a masu arha gyaran yakan kusa kai kuɗin saye. Idan tana ɗaukar sim, zai iya ci gaba da amfani da ita da data kai tsaye ba tare da Wi-Fi ba, kuma da yawa daga cikin masu ramin caji na USB-C suna karɓar adaftar da ke haɗa su da rauta ta waya. Ku biyun, kafin ku bar na'ura a hannun mai gyara, ku kwashe hotuna da takardunku, ku cire sim da memori, kuma idan an gama ku gwada Wi-Fi ɗin a nan shagon, kusa da nesa, kafin ku biya.